Ina addu'a amma tsoro bai rabu da ni ba: ko bangaskiyata ce ta gaza?

Tambaya: Ni Kirista ce tun tasowata. Tun da mijina ya rasa aikinsa hankalina bai kwanta ba. Cikin dare nakan farka gabana yana faɗuwa, numfashina yana sarƙewa, ina ta saƙe-saƙen abin da zai sami 'ya'yanmu. Ina addu'a, ina azumi, amma tsoron yana nan. Wata ta ce mini da bangaskiyata ta gaske ce da ban ji haka ba. Ta yaya zan sami salamar da Yesu ya yi alkawari?

Amsa: 'Yar'uwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Zan fara da maganar da aka faɗa miki, domin ta ɗora miki kaya na biyu a kan na farko: kina tsoron gobe, ga shi kuma kina tsoron cewa tsoron naki zunubi ne. Littafi Mai Tsarki bai goyi bayan wannan hukunci ba. Annabi Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, shi ne ya tsere zuwa jeji da sarauniya Yezebel ta yi masa barazana, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa (1 Sarakuna 19). Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi sau biyu ya ba shi abinci da ruwa, sai daga baya Allah ya yi magana da shi a Dutsen Horeb. Manzo Bulus ya ce da suka isa Makidoniya ba su sami hutu ba, a waje faɗa, a ciki tsoro (2 Korantiyawa 7:5). Shi kansa Yesu a Gatsemani ya gaya wa almajirai uku cewa ransa yana baƙin ciki matuƙa, kamar ya mutu (Markus 14:34).

Ayar da aka fi karanta wa masu damuwa ita ce Filibiyawa 4:6-7, kuma a ganina an fi yi mata karatun gaggawa. Bulus ya rubuta ta yana kurkuku, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. Ya ce a sanar da Allah bukatu ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya, amma bai ce za a biya bukatun nan take ba; abin da ya tabbatar shi ne salamar Allah, wadda ta fi gaban fahimta, za ta tsare zukata da tunani cikin Almasihu Yesu. Wato matsalar tana iya kasancewa a inda take, aikin bai samu ba tukuna, amma zuciya ta daina zama a hannun tsoro yana juya ta yadda ya ga dama. Haka ma alkawarin da kika ambata, Yesu ya yi shi ne a daren da za a bashe shi, kuma a wannan zaman ya ce wa almajiransa a duniya za su sha wahala. Saboda haka kada ki auna salamar da ko gabanki ya faɗi jiya da dare. Ki auna ta da inda kika nufa bayan ya faɗi.

Da rana, ba da dare ba, ki ɗauki takarda ki rubuta abin da kike tsoro da sunansa: kuɗin makaranta ne, ko gidan zama, ko bashi. Ki ware abin da ke da wani mataki da za ki iya ɗauka a wannan mako, ki zauna da maigidanki ku tattauna shi, domin mai yiwuwa shi ma yana kwana da irin wannan tunani yana ɓoye miki. Sauran, wanda ba ya hannunki, ki karanta shi da murya a gaban Allah ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda 1 Bitrus 5:7 ta ce a zuba masa dukan damuwa. Idan kin farka cikin dare, kada ki ɗauki waya, kada kuma ki tilasta wa kanki doguwar addu'a. Ki zauna, ki ja numfashi a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kina maimaita Zabura 56:3, inda Dawuda ya ce a lokacin da yake jin tsoro zai dogara ga Allah. Ran da ko wannan ya gagara, ki buɗe Zabura 88, addu'ar da ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba, amma aka ba ta wuri a cikin Littafin. Ki kuma nemi mace ɗaya mai zurfi cikin bangaskiya, mai riƙe asiri, wadda za ta saurare ki ba tare da saurin yi miki wa'azi ba.

Game da azumi, shawarata ki sassauta shi a yanzu, domin yunwa da rashin barci suna ƙara bugun zuciya da rawar jiki.

Sai batun likita, wanda ba na so ki ɗauke shi a matsayin gazawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba, kuma ana magance ta ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam, wani lokaci tare da magani. Ƙarancin jini da wasu cututtukan maƙoƙo su ma suna jawo faɗuwar gaba irin wannan, gwajin jini yana taimakawa wajen bambancewa. Luka, marubucin Bishara, likita ne (Kolosiyawa 4:14). Tun da abin ya kai ga hana ki barci da sarƙe numfashi, ki je a duba ki ba da jimawa ba. Idan kuwa kika ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa na kusa da ke a kai ki asibiti a ranar.