Ta yaya ake auna nisan hazo a sama?

Ɗan'uwa, ka ce hazon bana ya rufe Maradi har daga bakin babbar kasuwa ba ka hango ƙarshen titi, kana tambaya wai masana da me suke gane tsayin ƙurar a sama. Da haske ne. Na'urar sunanta lidar: tana harba hasken lesa, wato siririn haske mai ƙarfi, sama, ƙwayoyin ƙura su maido da kaɗan daga ciki, sai a ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Tunda haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, lissafin nisa ba ya wuya.

Kuma ba aikin ƙasa ɗaya ba ne, don ƙurar da ta taso daga Bodele a Cadi ba ta neman biza. A 2006 Amurkawa sun girka irin wannan na'ura a filin jirgin saman Yamai, lokacin binciken damina mai suna AMMA da Faransa ta jagoranta tare da masanan Afirka. A shekarar ce Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO ɗauke da lidar, shi kuma daga sama yake leƙo mu, har 2023. Yanzu tauraron EarthCARE na Turai da Japan ke wannan aiki, tun 2024.