Tambaya da Amsa: Takardun ƙungiyar mata da Mama ta bari, mu ƙona ko mu ajiye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Mahaifiyata Allah ya yi mata rasuwa bara, kuma ita ce sakatariyar ƙungiyar matan unguwarmu a nan Zariya tun kafin a haife ni, ƙungiya ce ta taimakon juna, suna adashe, suna ɗinka wa marayu kayan sallah, da azumi kuma su kai ziyara asibiti da gidan yari. Da muka zo kwashe ɗakinta sai muka tarar da akwatin ƙarfe ɗaya da jakar gana-mas-go biyu duk takardun ƙungiya ne, littattafan mitin, rasit, hotuna, wasiƙu har da na ajami. Iyayenmu 'yan ƙungiyar sun ce a tsince satifiket da hotuna masu kyau a kai a yi musu lamineshin, sauran tarkacen a ƙona tunda akwai sunan Allah a jiki kar a wulaƙanta. Ni kuma zuciyata ta kasa yarda. Ya zan yi, kuma akwai inda ake karɓar irin waɗannan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Zuciyarki gaskiya ta gaya miki. Kar a ƙyasta ashana, kuma kar a kai ko falle ɗaya shagon lamineshin, don su biyun nan in an yi an gama, babu gyara. Iyayen naki niyyarsu mai kyau ce, sunan Allah suke son a girmama, toh ai takardar da aka killace a kwali mai tsabta a saman kanta ba a wulaƙanta ta ba, ki faɗa musu haka cikin ladabi na san za su gane.

Abun da suke kira tarkace ɗin nan shi ne dukiyar, satifiket ɗin ne ma ba shi da wani nauyi a wurinmu masu aikin adana takardu. Satifiket me zai gaya miki, an karrama ƙungiya kaza ranar kaza, shikenan. Amma ki buɗe littafin ma'aji mai baƙin bango ɗin nan ki ga, kowace mace da sunanta da abun da ta zuba duk wata, wadda ta yi wata uku ba ta biya ba aka rubuta a gefe mijinta ba lafiya an yafe, nawa aka sayi yadin shadda na marayu a shekara kaza, nawa tela ya karɓa, nawa aka biya kuɗin mota zuwa asibitin Shika, wace shekara zubi ya tashi daga naira 2 ya koma 5 ya koma 20 saboda kuɗi sun lalace. Littafin mitin kuma a nan ake ganin rigima, wa ta kawo shawarar a buɗe ajin yaƙi da jahilci, wa ta ce a'a, yaya aka sasanta da mai unguwa kan fili. Wallahi mai bincike zai bar miki satifiket hamsin ya ɗauki wannan littafin guda ɗaya.

Kuma kin san dalilin da ya sa nake zafi a kan wannan? In kika shiga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna kika buɗe fayilolin zamanin Turawa da na En'e, za ki ga maza ne ke rubuta wa maza, Razdan ya rubuta wa Di'o, Di'o ya rubuta wa hakimi, mace ba ta cika fitowa ba sai a ƙidaya ko a shari'ar aure ko a lissafin marasa lafiya. Matan Arewa ma ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, duk da irin ɗauri da duka da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha tun shekarun 1950 a kan hakan. Toh ina muryar mata take a rubuce? Tana cikin irin akwatin Mama. Manyan ƙungiyoyi an san tarihinsu daidai gwargwado, an san Jam'iyyar Matan Arewa an kafa ta a Kaduna a 1963 da su marigayiya Hajiya Laila Dogonyaro a ciki, an san FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a Minna aka kafa ta a 1985 kuma marigayiya Hajiya Aisha Lemu ce Amira ta farko, amma ƙananan na unguwa waɗanda su ne suke sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, su kam in sakatariya ta rasu galibi tarihin ya bi ta. Ko 'Yan Taru, matan da Nana Asma'u ta shirya don karantar da 'yan uwansu mata, da muke alfahari da su, abun da muka sani a kansu ai ya zo ne daga rubuce-rubucenta da zuri'ar Waziri Giɗaɗo suka riƙe a Sakkwato har zuwa kan Waziri Junaidu, da kuma bakin tsofaffin jajoji, wato shugabannin 'Yan Tarun, da aka zauna aka yi hira da su, Nana ta rasu tun 1864 amma ga shi muna karanta ta saboda wasu sun ƙi yarda da zubarwa.

Yanzu aikin. Abu na farko da zan roƙe ki, kuma na san hannunki zai yi ta ƙaiƙayi, kar ki shirya su. Mu mata muna da wannan halin na a ware rasit gefe, hotuna gefe, wasiƙu gefe kamar ana jeren ɗakin amarya, toh a aikinmu wannan ɓarna ce. Yadda Mama ta haɗa su akwai ma'ana a ciki ko da ke ba ki gani ba. Rasit ɗin buhun gero da ta cusa a tsakiyar littafin mitin, a shafin da aka yanke shawarar sayen geron ta cusa shi, in kika zare kika haɗa da sauran rasit ɗari biyu ya zama takardar banza, ba a san na mene ne ba. Don haka akwatin ƙarfe ki kira shi lamba 1, jakunkuna lamba 2 da 3, ki samu littafi sabo ki riƙa ɗauko ƙunshi ɗaya-ɗaya daga sama zuwa ƙasa kina rubutawa, 1/1 littafin mitin mai jan bango daga shekara kaza zuwa kaza, 1/2 ambulan na wasiƙu guda kaza, a haka har ki gama. Lambar da fensir za ki sa a kusurwa, ban da biro ban da maka. Kar ki tsaya karanta kowace takarda a zagayen farko, in kika fara karatu kuka za ki yi ta yi aikin ba zai tafi ba.

Za ki ci karo da da yawa marasa kwanan wata, kar ki damu, takarda tana faɗin shekarunta. In kika ga lissafi da fam da sule da sisi, toh kafin Janairun 1973 ne da naira da kwabo suka shigo, koda yake tsofaffi sun ci gaba da cewa fam suna nufin naira 2 har shekaru bayan nan, ki lura da wannan kar ya ruɗe ki. In kan wasiƙa ya nuna Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ne, kafin a mayar da sunan Jihar Kaduna. In Katsina tana cikin jihar, kafin 1987 ne. In kika ga tambarin shirin Better Life na Maryam Babangida, daga 1987 ne zuwa farkon shekarun 1990. Lambar wayar gida mai 069 ta Zariya daban, lambar salula ta GSM kuwa ba za ta wuce 2001 ta baya ba. Duk wanda kika ƙiyasta ki rubuta a littafinki cewa ƙiyasi ne, kar ki rubuta a jikin takardar.

Batun lamineshin kuwa bari in ba ki abun da na gani da idona. Wasu bayin Allah sun taɓa kawo min takardar farko ta kafa ƙungiyarsu, rubutun hannu da alƙalamin tawada, mata goma sha wani abu sun sa hannu wasu sun dangwala yatsa, saboda tsabar ƙauna aka kai ta aka like da roba mai zafi, bayan 'yan shekaru gam ɗin ya yi rawaya, danshi ya shiga ta gefe ya kasa fita, tawadar ta yi jirwaye, kuma ba dama a ɓare don rubutun zai biyo robar. Na riƙe ta ina kallo ba abun da zan iya. Salatif ma haka yake, yana bushewa ya faɗi ya bar tabo ruwan ƙasa daidai kan rubutu. In takarda ta yage ki sa ta a cikin farar takarda da aka ninka biyu ki bar ta haka. Kilif da fil da sitefula masu tsatsa ki cire a hankali, robar ɗaure kuɗi da ta narke ta manne ita ma a cire, a ɗaure da zaren auduga ko tsumma fari. Yankan jarida irin na Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian shi ne ya fi saurin lalacewa kuma yana shafa wa na kusa da shi rawaya, a raba shi da maƙwabtansa da farar takarda amma a bar shi a gurbinsa. Rasit ɗin POS da na banki na yanzu masu santsi kuwa gogewa suke yi da kansu, wani ko shekara ba ya kaiwa, su kam a yi musu fotokwafi yau-yau.

Gana-mas-go da leda a rabu da su, suna riƙe gumi, damina ɗaya ta isa fumfuna ta kama. Kwali mai kauri mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar abinci ko sabulu ba ya fi, a ɗora a kan kanta ko tebur nesa da ƙasa, kar ya jingina da bango saboda gara, kar a sa ƙarƙashin inda kwano ke yoyo, kuma ban da kicin ko sito mai hatsi don ɓera da kyankyaso. In kin ga fumfuna ki shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, in ta bushe ki share da burushi mai laushi a waje kina sanye da takunkumi. Kar a fesa fiya-fiya a kan takarda dan Allah, ɗakin ake tsaftacewa. Duk bayan wata biyu ko uku a buɗe a leƙa, musamman Agusta.

Abun da ya fi komai gaggawa ma ba takardun ba ne, tsofaffin ne. Hoton da aka ɗauka mata ashirin sun yi anko a gaban wata makaranta, yau akwai Hajiya ɗaya ko biyu da za su iya cewa wannan wance ce, waccan ita ce ma'aji, ranar da muka kai tabarmi ne, shekara biyar nan gaba sai yadda Allah ya yi. Ki dafa shayi ki tara su, ki kunna rikodin a waya bayan kin nemi izininsu, ki riƙa miƙa hoto ɗaya-ɗaya da lambarsa kina faɗin lambar da baki don ta shiga rikodin, ki bar su su yi ta hira har da musu, musun ma yana da amfani. Na ajamin ma a nan za ki samu mai karanta miki, don hannun kowa daban ne kuma su sun san hannun juna.

Sai ɗaukar hoto ko sikanin. Waya mai kyamara mai kyau ta isa, a hasken rana a inuwa, takarda a shimfiɗe, shafi bayan shafi har bango da shafukan da ba komai, sunan fayil ya zama lambar nan da kika bayar. Ki ajiye a wuri uku, kwamfuta, filashi ko faifan ajiya na kwamfuta (hard disk) a wani gidan daban, da kuma intanet. Amma hoto ba ya maye gurbin asali, kar wani ya ce tunda an ɗauka sai a ƙona. Kuma ki yi hattara da ɗorawa a Facebook, cikin littattafan nan akwai sunan matar da aka biya wa bashi, da yaron da aka tsinta, da wadda aka kai asibiti a ɓoye, 'ya'yansu da jikokinsu suna nan da rai a unguwa, Mama ta rufa musu asiri shekara talatin kar ya tonu ta hannunki. Irin waɗannan ki yi musu alama a littafinki cewa a rufe suke.

Wani abun da ake yawan mantawa, takardun nan ba gado ba ne, amanar ƙungiya ce da ta zauna a ɗakin Mama, wasiƙunta na kanta da hotunan iyali su ne naku. Don haka ko me za a yi a kai shi mitin a amince a rubuta a minit, in ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, amintattun da ke kan takardar rajistar su sa hannu. Littattafan da ake aiki da su yanzu da takardar fili da ta banki su koma hannun sabuwar sakatariya.

Inda za a kai kuwa, kusa da ke akwai Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, akwai ma'adanar ƙasa da na ambata, nan Samaru kuma akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da sashen tarihi na jami'ar. Kar ki kwashi kwalaye ki tafi, littafin jerin nan za ki fara kai musu su gani, ki nemi a nuna miki ɗakin da za a ajiye, ki duba da idonki ko yana yoyo, ki tambaya yaya mai bincike yake samun abu in ya zo nema. Sannan a yi yarjejeniya a rubuce, kyauta ce kuka bayar har abada ko ajiya ce da za ku iya karɓa, waɗanne ne a rufe kuma har shekara nawa, kuma a ba ku kwafin jerin da sa hannun wanda ya karɓa da hatimi. In ba ku gamsu ba ku riƙe abunku a gida yadda na faɗa, babu laifi, ku ba su kwafin hotunan kawai.

Sabuwar sakatariyar kuma ki ja kunnenta, na san yanzu duk a guruf ɗin WhatsApp ake komai, sanarwa da lissafi da hoton alat, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace shikenan shekara biyar ta tafi. Ta sayi littafi mai kauri irin na Mama ta ci gaba daga inda ta tsaya, lissafin wata kuma a riƙa bugawa a takarda ana sa wa a fayil. In kin gama jerin akwatin farko ki turo min hoton shafukan in duba miki kafin ki shiga jakunkunan.