Amsa ga Malam mai tambaya kan ƙanensa da manhajojin waya

Malam, ka ce ƙanenka ya daina fita kasuwar Mile 12 da ke Legas, ba ya barci da dare, yana zargin maƙwabta suna maganarsa, kuma kana tambaya ko manhajar waya za ta wadatar da shi. A ganina ba za ta wadatar ba, domin babu manhajar da ke iya tantance taɓin hankali, wanda yawanci yake fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekara ashirin da 'yan kai. Ka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, kuma ka sani cewa akasarin matasan da ke nuna irin waɗannan alamomin farko ba sa kamuwa da cutar.

Amfanin waya yana zuwa bayan ganin likita. Yana iya rubuta awannin barcinsa da yanayin ransa kullum, ya nuna wa likita a ranar komawa, sannan ganawa ta bidiyo tana rage wahalar cunkoson Legas. Ka hana shi kwana yana binciken alamominsa a intanet, domin hakan yana ƙara masa tsoro. Ka kuma tambaye shi cikin lalama ko yana shan tabar wiwi, saboda tana ƙara haɗarin.