Amsoshin Wasiƙunku: Banki, BVN da Masu Neman Aron Sunanku

Malam, ni bazawara ce, ina sayar da ƙuli da man gyaɗa a Funtuwa. Na ɗauki adashe naira dubu 180, ina so in kai banki kafin hidimar gida ta cinye. Na je, yarinyar da ke kan teburin ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in kawo takardar wuta. Gidan haya nake, takardar da sunan mai gida take zuwa. Na dawo da kuɗina a ƙulle cikin zani, na kasa barci.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kin yi dabara da kika tuna da banki tun kuɗin ba su ji ƙamshin biki ba. Abin da yarinyar nan ba ta tsaya ta faɗa miki ba shi ne, asusun ajiya mataki uku ne, kuma tun 2013 Babban Bankin Najeriya ya tsara haka domin irinku. Matakin farko ba ya neman takardar wuta. Hoton fasfo ne, da suna, da ranar haihuwa, da lambar waya, da adireshi, sai BVN (lambar tantancewa ta banki) ko NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa). Sharaɗinsa, ba a zuba fiye da dubu 50 a lokaci guda, kuma abin da ke ciki kada ya haura dubu 300. Mataki na biyu yana ɗaukar dubu 100 a zubi ɗaya, ya riƙe har dubu 500, amma yana son BVN da NIN duka biyun tare da katin shaida. Na uku shi ne mara iyaka, shi ne kuma wanda ake matsa wa mutum a kan takardar wuta, har a turo wani ya zo ya ga gidan.

Ke na biyu ya fi dacewa da ke, sai ki zuba kuɗin sau biyu. Ki tafi da katin zaɓenki da takardar NIN da hotuna biyu, ki faɗa musu da bakinki matakin da kike so. In ba ki da BVN a nan cikin bankin za a yi miki, kyauta ne, kada wani ya tare ki a bakin ƙofa ya ce ki kawo na goro. Wajen adireshi kada ki ji kunyar rubuta "bayan masallacin Juma'a, gida na uku", yawancinmu haka muke kwatanta gidajenmu. Ki bar ƙunshi sai kin dawo, domin lalle mai kauri yakan sa na'ura ta ƙi karanta yatsa. Ki kuma guji Litinin da ƙarshen wata, lokacin da 'yan albashi da 'yan fansho suke cika ɗakin. Talata ko Laraba da sassafe, ma'aikaciyar da ta share ki za ki same ta kamar ba ita ba.

Malam, a BVN sunana Mohammed, a NIN Muhammad, a katin zaɓe Muhammadu. Banki sun ce bayanaina ba su daidaita ba. Ai duk suna ɗaya ne, wannan ba wulaƙanci ba ne? Daga wani malamin firamare a Birnin Kebbi.

A wurina da wurinka da wurin limamin da ya raɗa maka, suna ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutum uku ne. Ma'aikacin ba shi da ikon cewa "na gane shi, ku wuce", don haka faɗa da shi ɓata baki ne. Ka danna *565*0# a layin da ka yi BVN da shi, da *346# a layin NIN, ka tabbatar lambobin naka ne, kowacce guda 11. Sannan ka zaɓi rubutu ɗaya, wanda ke kan takardun makarantarka da na albashi, ka mayar da sauran kansa. Gyaran BVN a bankinka ake yi, gyaran NIN kuwa na NIMC ne, hukumar da ke ba da ita. Ka shirya wa takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci har da sanarwa a jarida.

Tunda za ka shiga wannan wahalar, duba ranar haihuwa ma. Da yawanmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a matsayin ranar haihuwa, kuma mu ne ke rage shekara uku wajen neman aiki mu manta mun rage. Gyaran ranar haihuwa ya fi na suna tsada da jan rai, a BVN kuma sau ɗaya ake yarda a yi shi. Ka zauna ka yanke shawarar shekarunka tukuna.

Baba, ni ɗalibi ne a Gusau. Wani yana zagayawa a unguwarmu yana ba da dubu biyar ga duk wanda ya ba shi NIN da BVN, ya tsaya aka ɗauke shi hoto a waya. Ya ce asusun tallafi za a buɗe mana. Abokaina sun karɓa. Tunda ba ni da ko sisi a banki, me zan yi asara?

Ɗana, zauna, wannan wasiƙar taka ce ta sa na ture wasu guda huɗu zuwa mako mai zuwa.

Kana lissafin abin da za a cire daga asusunka, shi kuwa mutumin abin da zai zuba a ciki yake lissafi. Ɗan damfara da mai karɓar kuɗin fansa matsalarsu ɗaya: kuɗi sun zo, amma ina za a sauke su ba tare da sunansu ya fito ba? Sai su nemi yaro irinka mai tsaftataccen suna. Hoton nan da ake cewa ka kalli waya, ka ƙifta ido, ka juya kai hagu da dama, shi ne tantancewar da manhajar banki take yi don ta tabbatar mai BVN ɗin ne da kansa yake buɗe asusu. Wato kai ka buɗe, da fuskarka, sannan ka miƙa makulli ga wanda ko sunan unguwarsu ba ka sani ba. A 2025 hukumar EFCC ta fito ta ce akwai matasa kusan 12,000 da wannan ce sana'arsu, suna biyan mutane naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi bayanansu, su sayar a kan kusan dubu biyar. A watan Afrilun 2024 ma Babban Banki ya dakatar da bankunan waya na OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa, sai a watan Yuni aka sake su bayan an tsaurara tantancewa. Ba don nishaɗi aka yi hakan ba.

Akwai wani yaro a layinmu, mai gyaran waya, ba ya ko shan sigari. Haka ya ba da nasa, ya sayi data da tsire. Bayan wata bakwai ya je cire kuɗin aikinsa a wajen mai POS, kati ya ƙi. Ya je banki aka ce ya zauna a jira manaja, wanda ya fito kuwa ba manaja ba ne. Na raka mahaifinsa wajen beli. An ɗora takardu a kan tebur, shafi bayan shafi, miliyoyi sun shiga sun fita da sunan yaron da takalminsa silifa ne. Ana tambayarsa wane ne ya turo, yana cewa wallahi bai sani ba, kuma gaskiya yake faɗa, amma hoton da ke kan fayil ɗin nasa ne. Tsohon nan ya cire hula ya riƙe a hannu, har muka fito bai mayar ba. Gonarsa ta tafi wajen lauya. Kuma BVN guda ɗaya ce ga mutum tun da aka ƙaddamar da ita a Fabrairun 2014, duk asusunka a kanta suke rataye. In ta shiga jerin waɗanda ake sa wa ido saboda damfara, ba banki ɗaya ne zai juya maka baya ba.

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu kenan. A cikin banki, ƙarƙashin kyamara, ma'aikaci mai kati a wuya ya ce kawo katin shaida, sai mu kumbura, mu ce ana tuhumarmu. A bakin titi wani mai jaka ya ce kawo, sai mu miƙa har da godiya. Haka masu kira a waya: "Daga hedikwatar banki ne, za a rufe asusunka yau, karanto mana lambobin da muka turo." Bankinka ba zai taɓa tambayarka OTP, wato lambobin nan da ake turo maka a waya, ko lambar sirrin katinka ba, ko a waya ko a kan tebur.  Sai masu cewa "ara mini akawunt ɗinka za a turo mini kuɗi, nawa ya samu matsala". In ba za ka iya rantsuwa a kan inda kuɗin suka fito ba, ka ce naka ma ya samu matsala. Haka nan mata, ku daina ba wa yaron shago wayarku da katinku da lambar sirri ku ce ya ciro muku. Layin wayar da aka ɗaure da BVN kuwa, ranar da ya ɓata ranar za a je a toshe shi, domin da shi kaɗai ɓarawo yake iya kwashe asusu ta lambobin dannawa.

Abokanka da suka riga suka karɓa, su je bankinsu gobe su faɗi abin da ya faru, su nemi a duba asusun da ke rataye a BVN ɗinsu, su rubuta ƙorafi su riƙe kwafi. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka zo ɗauka sauƙin bayani. Kai kuma in tallafin gaskiya ne, ba a biyan mutum don ya yi rajista.

Malam, ni da yayana kamar an tsaga kara. Zan iya buɗe asusu da katinsa?

A'a. Yatsunku ma an tsaga kara ne? Je ka yi NIN, rajistar farko kyauta ce.

Ranka ya daɗe, ina da shago a Kantin Kwari. Wani abokin ciniki ya turo mini dubu 700, sai asusuna ya daskare, ina ganin kuɗi ba na iya taɓawa. Kwana tara ina zarya, kullum "ba netiwok" ko "wanda zai sa hannu ya fita".

Alhaji, ina kyautata zaton ƙaramin mataki ka buɗe tun kana yaron shago, ciniki ya girma asusu bai girma ba. Kuɗin sun haura iyaka, na'ura ta kulle da kanta. Maganinsa ɗaga asusun zuwa mataki na uku: BVN, NIN, katin shaida mai rai, da shaidar adireshi. Ka duba kuma ko katin da ka ba su tun farko ya daina aiki, fasfo da lasin tuƙi suna ƙarewa.

Zaryar kwana tara kuwa ba ta da uzuri, amma ƙorafin baki iska ce. Rubuta takarda, ka sa kwanan wata, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka nemi lambar ƙorafi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kana da damar kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar ka kai wa bankinka tukuna. Na ga yadda fuska take sauyawa a kan teburin nan da zarar mutum ya ce "a ba ni lambar ƙorafina". Da wannan cinikin naka ma, ya kamata ka raba asusun shago da na cefane.

Malam, ina tsoron kuɗin ruwa, ina kuma tsoron banki ya rushe da kuɗina. Daga wata amarya a Azare.

Amarya, duka biyun suna da amsa. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suna nan: Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021. Ki tambaya ko ajiya zalla kike so ko ta mudaraba da ake raba riba, kada ki sa hannu sai an fayyace miki. Takardun da za su nema iri ɗaya ne da na sauran, kada ki zaci za a ɗaga miki ƙafa.

Batun rushewa, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tun 2024 tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan biyar a bankin kasuwanci, miliyan biyu a ƙaramin banki na maikurofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, ta BVN aka bi aka tura wa mutane da yawa kuɗinsu a asusunsu na wasu bankunan. Waɗanda bayanansu suka saɓa su ne suka sha layi. Manhajar waya kuma da ta yi miki alƙawarin ninka kuɗi a wata uku, ba ta cikin wannan lamunin. Ki buɗe da sunan da ke kan NIN ɗinki, ko da na mahaifinki ne. Sauya suna zuwa na ango ba dole ba ne, kuma jerin gyare-gyare yake jawowa.

Malam, na rubuta ƙanena a gurbin "nes of kin". Kenan in na mutu shi zai cinye kuɗin, ya bar 'ya'yana?

Allah ya ja kwana. Wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne, bai mayar da kowa magaji ba. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu, rabo kuma yadda shari'a ta tsara. Ka dai tabbatar iyalinka sun san a wane banki kake ajiya, lambar wayar ƙanen naka kuma tana aiki.