Zambar dubu ba ɗaya

Wata malamar firamare ta aiko da tambaya daga Zariya: "Malam, kakata takan ce 'zambar dubu' in ta ga taro. Lamba ce ta gaske, ko kuwa kambamawa ce irin ta tsofaffi?"

Malama, kakarki ta fi mu Hausa. Zambar kalma ce da ake ninka dubu da ita, shi ya sa ba ta tsayawa ita kaɗai. Zambar goma 10,000 ke nan, zambar ɗari 100,000, zambar dubu kuwa dubu sau dubu, wato abin da muka ara yau muke kira miliyan.

Masu cewa Bahaushe bai san manyan lambobi ba sai da boko ta zo, sun manta da zamanin wuri. Mai ƙirgar kuɗi yakan zauna a tabarma yana jan wuri biyar-biyar da yatsu, yana tara su tsibi-tsibi, har su kai 20,000 a ɗure a keso. Keso hamsin shi ne zambar dubu. Wanda zai sayi doki da irin wannan kuɗi dole bakinsa ya san lissafi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda muke ƙirga da ragi. Muna cewa ashirin ba ɗaya, wato 19, ko metan gaira ashirin, wato ɗari biyu ba ashirin, 180. Gaira ɗin nan daga Larabci take, ita ce dai ta cikin "ba gaira ba dalili". To ki rubuta wa ɗalibanki 999,999 a allo ki ce su karanta. Za su yi ta fama da dubu ɗari tara da casa'in da tara da ɗari tara da casa'in da tara, numfashi na ƙarewa. Tsohuwa za ta ce zambar dubu ba ɗaya, ta ci gaba da kaɗinta.

Ita wannan lamba mara ce, ba cika ba: in an raba ta biyu sai ɗaya ta yi saura. Amma tana rabuwa daidai da 3, da 7, da 11, da 13, da 37. Ki raba ta gida bakwai, kowa ya tashi da 142,857, babu ko wuri ɗaya a ƙasa. Dalili kuwa, 999 ce sau 1,001, ita kuma 1,001 ba komai ba ce illa 7 sau 11 sau 13.

Kin kuma yi tambaya a kan karin maganar nan "mutum tara yake, bai cika goma ba". Cikar nan ta kammala ce: goma ce ke rufe yatsun hannu biyu, tara kuwa kullum da sauran yatsa ɗaya a miƙe. Lambarmu ta sama, 999,999, tara ce guda shida a jere, ita ma ɗaya tak ta hana ta zama miliyan.