Amsa ga sabon ma'aji: yadda kuɗin Kirsimeti zai kai ikkilisiya har damina

Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Ka ce an zaɓe ka ma'ajin ikkilisiyarku a nan Damagaram, ku manya kamar sittin ne ban da yara, kowace shekara baikon Disamba ya fi na kowane wata, amma kafin Fabrairu ta ƙare akwati ya bushe, kuɗin fasto ya makara, gunaguni ya tashi. Kana neman yadda za a gyara kafin Kirsimetin bana.

Kada zuciyarka ta fara zargin kowa, domin yawanci ba sata ce ke kawo haka ba. Matsalar ita ce duk abin da ya shigo a watan Disamba ana ɗaukarsa kuɗin biki ne, alhali ba haka ba ne. A ƙasarmu wannan ne lokacin da mutane ke da abin hannu: gero ya shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, 'ya'yan ikkilisiya da ke Yamai ko Agadas ko Kano sun zo gida ko sun aiko. Abin da aka tara daga godiyar kaka zuwa daren 31 ga Disamba shi ne zai riƙe ku a watannin Yuni, Yuli, Agusta da Satumba, sa'ad da manomi ya tafi gona, abinci ya yi tsada, baikon Lahadi ya koma tsabobi. Yusufu ma abin da ya yi a Masar ke nan a Farawa sura 41, ya ware kashi ɗaya cikin biyar a shekarun ƙoshi.

Saboda haka rabon kuɗi ana yinsa ne kafin kuɗin ya shigo. Ka roƙi fasto ya kira dattawa tun cikin Nuwamba, ka zo da littafin kuɗin bara. Ku fitar da abin da dole a biya kowane wata: kuɗin fasto, na mai gadi, wutar NIGELEC, ruwa. Sannan ku duba abin da baikon Lahadi ya kawo a watannin damina. Bambancin da ke tsakani shi ne abu na farko da za a ajiye. Ga misali, kai kuma ka sa lissafinku a wurinsa. A ce dole-dolenku jika 90 ne a wata (jika ɗaya sefa 1,000 ce), baikon damina kuwa jika 60 yake kawowa. Giɓin jika 30 ne, wata huɗu jika 120. A ce bayan an cire kason da tsarin ɗarikarku ya ce a aika wa hedikwata, jika 400 suka rage daga Disamba. To, 120 na damina, 90 na watan Janairu domin shi ma wata ne mai ƙarancin baiko, 40 na gwauraye da marayu da marasa lafiya, 50 na gyaran gini kafin ruwa ya sauka, 100 na biki. Wannan jika 100 ɗin a rubuta shi a takardar taro, dattawa su sa hannu, a kuma faɗa wa shugabar zumuntar mata da shugaban matasa tun da wuri. Idan ba a yanke iyaka ba, kowace ƙungiya za ta zo maka da buƙatarta ranar 23 ga wata, dukkansu kuwa buƙatu ne masu kyau, ba za ka iya hana kowa ba.

Yanzu ƙirga, wadda a ganina nan ne mutuncin ma'aji yake tsayawa ko ya zube. Kada ka taɓa ƙirga baiko kai kaɗai, ko da dattawa sun ce sun yarda da kai. A 2 Sarakuna sura 12, lokacin gyaran Haikali, Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist ne suke zuwa tare su ƙirga. Bulus ma da zai kai gudummawa Urushalima bai ɗauka shi kaɗai ba, ya ce a 2 Korintiyawa 8:20-21 yana so a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Ku zama uku: kai, dattijo ɗaya, da mace ɗaya daga zumunta, kada biyu su fito gida ɗaya, a riƙa kuma sauya biyun nan kowane wata. A ƙirga a cikin majami'a da zarar an tashi sujada. A rubuta kowane irin kuɗi a layinsa: takardun 10,000 guda nawa, na 5,000 nawa, na 2,000, na 1,000, na 500, sannan tsabobi. Idan aka rubuta jimla kawai, ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa ba wanda zai gane inda aka yi kuskure. Ku ukun ku sa hannu, magatakarda ya ɗauki hoton shafin a wayarsa. Wanda ya ga yadda aka ƙone majami'u a garin nan a Janairun 2015 ya san takardar da ke wuri ɗaya tak tana iya salwanta cikin yini guda.

A littafi ka rubuta komai da faran sefa, kada ka rubuta da dala. Mutum zai ce maka ya ba da ɗari biyar, yana nufin dala 500, wato sefa 2,500. Wani zai ce dubu, yana nufin sefa 5,000. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya ko Benin ko Togo ba lallai su ƙirga haka ba. Da zarar an gauraya ƙirga biyun a shafi ɗaya, rikici ya samu. Haka kuma za ka ga naira a cikin baiko. Ka ba ta layinta daban, a canza ta cikin makon, a rubuta farashin da aka canza da sunan wanda ya je canjin. Naira ta faɗi ƙwarai a 2023 da 2024, wanda ya ajiye ta wata uku a akwati ya yi wa ikkilisiya asara.

Ka lura da ranakun hutu. Ranar 18 ga Disamba bikin Jamhuriya ne, 25 ga wata da 1 ga Janairu ma banki a rufe yake, su ne kuwa ranakun da kuɗi ya fi yawa a hannu. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu ake bukata, makulli ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin dattijo. Baikon daren shiga sabuwar shekara, wanda ake tashi bayan sha biyun dare, a kulle shi a gaban shaidu, a ƙirga da safe, kada wani ya ɗaura shi a babur ya ratsa gari cikin duhu. In kuna da asusun banki, a sa sunan mutum uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi zai fita. In ba ku da shi, ku nemi hedikwatar ɗarikarku ta taimaka da takardun da banki zai nema. Masu aiko da kuɗi ta NITA ko Airtel Money kuma, a ware musu layin waya na ikkilisiya. Kada kuɗin Allah ya shiga layin da kake sayen katin waya da shi, ko da niyyarka fara ce tas, domin wata rana za ka kasa rabewa. Kuɗin cirewa da kamfanin ya yanka shi ma ka rubuta shi a matsayin abin da aka kashe.

Baikon da aka ba da shi domin abu takamaimai, kamar kwanon rufi ko kujeru, amana ce daban. A sa masa ambulan dabam da shafi dabam. In aka sayi shinkafa da kuɗin kwano, mai bayarwa zai ga rufin yana nan yana yoyo a watan Yuli, ba zai yi magana ba, amma baɗi ba zai sake bayarwa ba. Alkawari kuma ba kuɗi ba ne tukuna. A ranar godiya mutane kan ɗaga murya su yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinsu saboda idon jama'a. Ni dai ban goyi bayan kiran suna da adadi a gaban taro ba. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba, gwauruwar da ta zuba 'yan tsabobi biyu kuwa ba a yi mata shela ba, Yesu ne ya gan ta. In dai za a yi alkawari, a rubuta a takarda a ninke, kai kuma kada ka lissafa shi cikin kasafi sai ya shigo hannu. Ma'aikatan da albashinsu ke zuwa ƙarshen wata a ba su har tsakiyar Janairu.

Hatsin godiyar kaka yana da nasa kulawa, kuma nan ake yawan yin asara ba a sani ba. Ana yin gwanjonsa a ranar, lokacin da gero ya fi araha a duk shekara, wasu ma su ɗauka bashi. Gara a ajiye. A auna a gaban shaidu, a rubuta dami nawa, tiya nawa. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya kamar 40. Geron da ke dami ya fi daɗewa in akwai rumbu. Wanda aka sussuka a tabbatar ya bushe, a ɗora buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango saboda gara. Wake shi ne mai saurin lalacewa, ƙwaro kan cinye shi cikin 'yan watanni, sai a zuba shi a buhun PICS mai riɓi uku, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban, kada a riƙa buɗewa. Idan damina ta yi tsakiya, a raba wa gwauraye da gidan fasto da masu bishara na ƙauyuka wajen Mirya ko Magarya, ragowar a sayar da daraja. Tiya biyar a watan Agusta ta fi wa gwauruwa amfani a kan kwanon shinkafa ranar Kirsimeti.

Bikin kansa ba na so a rage masa armashi, haihuwar Mai Ceto ce, yara kuma duk shekara suke jiranta. Sai dai a yi da lissafi. A ƙirga bakin da za su ci, har da baƙi. Buhun shinkafa mai kilo 25 yana ciyar da mutum 120 zuwa 150 in akwai miya da nama. Shinkafa, mai, tumatirin gwangwani da itace a saye su a kasuwar Dole tun farkon wata. Dabba ma a saya da wuri a kiwata, kuma mutum biyu su je sayen, domin a kasuwar dabbobi ba a ba da rasit. Su dawo su rubuta farashi su sa hannu. Ruwa, ka san halin Damagaram, a cika tanki da jarkoki kwana biyu kafin ranar, a kuma sa kuɗin 'yan ga-ruwa cikin kasafi, domin famfo yana iya ɗaukewa a ranar da tukwane ke kan wuta. A kira mahauci Musulmi ya yanka, saboda maƙwabtan da ke aiko mana naman layya su ci namu hankali kwance. Kason maƙwabta da na mai unguwa a ware shi tun kafin a fara zuba wa jama'a, in ba haka ba ƙanzo za a kai musu. Duk wanda ka ba kuɗin sayayya ya sa hannu a kan abin da ya karɓa, ya dawo da canji da bayani kafin 31 ga wata.

Akwai kuma gefen gidaje, domin akwatin ikkilisiya ba ya cika in gidajen membobi suna cikin bashi. Anko na zumunta da na mawaƙa, ɗinkin yara, takalma, tafiya gida: mutum ya ci bashi ya yi su duka, Janairu ta zo da kuɗin lekol da haya, sai ya daina zuwa sujada don kunyar mai binsa da ke zaune a benci ɗaya da shi. Ka roƙi fasto ya yi koyarwa a kan wannan cikin Nuwamba, daga Luka 14:28 a kan zama a yi lissafi kafin a fara gini, da Karin Magana 22:7 a kan yadda mai cin bashi yake zama bawan mai ba da shi. Zumuntar mata za ta iya maimaita ankon bara, ko ta fara adashen Kirsimeti tun watan Maris, kowace mace sefa 500 a mako. Mako 40 ya ba ta jika 20 ba tare da ta roƙi kowa ba. Wannan shi ne tsarin 1 Korintiyawa 16:2, a riƙa ajiye kaɗan-kaɗan kowace ranar farko ta mako. Mai zakka kuma a fahimtar da shi cewa ɗan kasuwa daga riba yake fitarwa, ba daga jari ba, manomi dami ɗaya cikin goma.

Za a zo maka neman rance daga akwati, musamman mako na ƙarshe, kuma waɗanda kake jin nauyinsu ne za su zo. Amsarka ɗaya ce ga kowa: ba ni da ikon fitar da ko dala sai da izinin dattawa. Shawarata ma kada ikkilisiya ta ba da rance sam. Mai buƙata ta gaskiya a ba shi kyauta daga kason taimako, gwargwadon abin da ake da shi, a asirce, mutum biyu su sani. Rance yakan sa ikkilisiya ta rasa kuɗin ta kuma rasa mutumin.

Lahadi ta biyu ko ta uku a Janairu ka tashi ka karanta rahoto a gaban jama'a, da Hausa da Faransanci: abin da ya shigo, abin da aka kashe, abin da aka ajiye wa damina, hatsi nawa ke ɗaki. Ka manna kwafi a bango, a kuma zaɓi mutum biyu da ba sa cikin masu ƙirga su duba littafin da rasit-rasit kafin ranar.

Tun da yanzu ka karɓi aikin, kafin ka taɓa komai ku zauna da tsohon ma'aji da dattijo ɗaya, a ƙirga abin da ke akwati, a rubuta bashin da ake bin ikkilisiya da wanda take bi, ku sa hannu ku uku, ka ja layi ka buɗe sabon shafi da kwanan watan ranar.