Tambaya Da Amsa: Akwatin Kwamfutar Wasa, Gilashi Ko Raga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar wasa da hannuna. Na sayi madabod (babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa), firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (mai sarrafa hotunan wasa), saura akwati. Wanda ya kwanta min a rai gabansa da gefensa duk gilashi ne, ga fitilu masu canza launi. Abokina ya ce akwati ai akwati ne, in ɗauki wanda ya fi kyau kawai. Haka ne? — Wani ɗalibi daga Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a abin da ka tara. Maganar abokinka ban yarda da ita ba, balle ga mutumin Sakkwato, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Katin hoto da firosesa suna mayar da kusan duk wutar da suka sha zuwa zafi. Idan wasa ya kankama, su biyun kaɗai za su iya shan wat 300 zuwa 400, kuma zafin nan sai iska ta kwashe shi. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi, aka bar 'yan ƙananan kafofi a gefe, kamar ɗaki ne da aka kulle tagoginsa aka kunna fanka: tana juyawa, amma gumi bai daina ba. Da zafi ya kai iyakar da aka gindaya wa firosesa, wajen digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don kar ta lalace. A nan ne wasa zai fara tsinkewa, kai kuma ka zargi katin da ka saya da tsada. Wannan yana min ciwo sosai, yaro ya yi wahalar tara kuɗi, akwati ya hana shi cin moriyarsu.

Saboda haka nemi mai gaban raga. Corsair 4000D Airflow da Lian Li Lancool 216 misalai ne masu kyau, kuma akwai masu araha da aka ƙera a kan tsari irin nasu. Gilashin gefe ba laifi, ka more kallon fitilunka. Gaba ne ba na so a toshe.

Sai ƙura, wadda masu gwajin akwatuna a Turai ba su cika damuwa da ita kamar mu ba. Lokacin hunturu hazo yana shiga ko'ina. Dabarar ita ce iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ake fitarwa yawa, kuma ta bi ta cikin matata. Fanka biyu ko uku a gaba suna zuƙowa, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan ka juya lissafin, masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa tsotso iska ta kowace kafa da ba matata, ƙura ta taru a kan katin. Duba ko matatar tana zarewa cikin sauƙi, har da ta ƙasa wadda ke kare na'urar da ke ba kwamfutar wuta. A hunturu ka karkaɗe su duk mako biyu, kuma ka ɗora kwamfutar a kan tebur, kar ka ajiye ta a kan kafet. Fanka mai milimita 140 ta fi mai 120 tura iska ba tare da yawan ƙara ba, in akwatin zai ɗauka.

Kafin ka biya kuɗi, ɗauki ma'auni. Madabod na ATX, tsarin da Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 ne da 244. Micro-ATX 244 da 244. Mini-ITX 170 da 170. Babban akwati zai ɗauki ƙaramin madabod, ƙarami ba zai ɗauki babba ba. Inda aka fi shan mamaki shi ne tsawon katin hoto, don wasu manyan na yanzu sun zarce milimita 330. Haka tsayin na'urar sanyaya firosesa: Noctua NH-D15 milimita 165 ce, murfin gefe ba zai rufu ba in akwatin siriri ne. Duk waɗannan lambobi suna rubuce a takardar bayanin akwatin. Ka kuma leƙa bayan farantin madabod ka ga ko akwai sararin ɓoye wayoyi.

Tambaya: Malam, na cire gilashin akwatina na jingine a ƙasa, sai kawai ya tarwatse. Jabu aka sayar min? — Wata mai karatu daga Kaduna

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya mayar da alheri. Ina kyautata zaton ɗakinki tayil ne. Irin wannan gilashi an gasa shi ne don ya yi ƙarfi, fuskarsa tana jure bugu, amma gefunansa ne rauninsa. Tayil ya fi shi tauri, da kusurwa ta ɗan taɓa shi sai gilashin ya wargaje ƙanana-ƙanana, ko da na asali ne. Nemi wani murfin da lambar samfurin akwatinki, kuma nan gaba ki shimfiɗa shi a kan katifa ko tawul.